Shekarar da Aka Karɓe Mini Tulu

Na ji abin da ake gaya muku. Ranar Kirsimeti na ji, a gidan ɗana Istifanus, ina kishingiɗe a falo ana tsammani barci nake, wata a kicin tana cewa ai yaron nan ne ya yaudari Kaka har ta rasa tulun zumunta. Ba barci nake ba. Tsohuwa in ta rufe ido wani lokaci gajiya ta yi da kallonku. To ga maganar daga bakin mai ita. Wanda bai iya karanta Hausa ba a cikinku, ku jikokina, ya nemi mai karanta masa, kada ya ce bai sani ba.

Tulun da nake faɗa ba na ruwa ba ne, na kiɗa ne. Duk wanda ya taɓa shiga coci a wajenmu, ta Zonkwa, ya ga matan zumunta sun tashi waƙa, ya san shi. Ƙaton tulu ne na yumɓu, baƙi, mai faɗin ciki, mace ta sa shi tsakanin gwiwoyinta tana dukan bakinsa da faifan soso. Ba shi da kwalliya, ba shi da surutu. Dum kawai yake cewa, amma a kansa sauran suke tsayawa, masu kuge da masu tafi da masu amshi. Kuma namiji ba ya kaɗa shi. Ba a rubuta a ko'ina ba, haka muka tarar.

Ni na kawo shi ƙasar nan. Da na zo Manchester yi wa matar Istifanus wankan jego, da niyyar in yi 'yan watanni in koma, na tarar matanmu suna taruwa a wani ɗaki a Cheetham Hill, saman shagon masu sayar da kaya a sari, suna dukan bokitin roba. Bokitin roba, a gaban Ubangiji. Da na je gida jana'izar yayata sai na sa wata mai ginin tukwane ta gina mini shi, na cusa shi a kwali na kewaye da zannuwana, na yi faɗa da mutanen filin jirgi, ba su jin nawa ba na jin nasu, har suka gaji suka bar ni. Fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a a gaban jama'a. Daga ranar ya tashi daga nawa ya zama na zumunta, wannan ban taɓa musu ba. Amma da yake ni ke kaɗa shi, a wurina yake kwana, a flat ɗin da council suka ba ni a Levenshulme, ƙarƙashin tebur, nesa da hita don kada zafi ya tsaga shi. Duk Asabar in rungume shi mu shiga bas biyu zuwa koyon waƙa. Direbobi har sun san mu.

Ku gane abu ɗaya kafin mu yi gaba. Mijina ya mutu tun ina gida. Turancina na sayen tumatir ne. Matan nan su ne garina, su ne kasuwata, su ne bakin rijiyata. Da aka yi mini aiki a gwiwa su suka raba kwanaki suna kawo mini abinci. Uwar zumunta, Mama Saratu, 'yar Kagoro, nas ce da ta yi ritaya, ita ke raka ni wurin GP, likitan unguwa, tana juya mini magana, tana ƙara nata a ciki. Ita ce ma ta kama hannuna ta nuna mini baƙaƙe a littafin waƙoƙi, lokacin furfura ta riga ta cinye mini kai, ta ce ba zai yiwu mai tulu ta riƙa riƙe littafi a juye ba. Wannan rubutun da kuke gani, karkatacce kamar shukar makaho, aikinta ne. Mace a cikin zumunta tana da wuri in tana da aiki. Nawa aikin tulu ne.

Shi kuwa yaron, shi ne jaririn da na zo wa uwarsa wanka. Sunan mijina aka ba shi, saboda haka bakina bai taɓa faɗa ba, hannuna ma ba zai rubuta ba. Maigida nake ce masa. Tun yana rarrafe nake zuwa da shi koyon waƙa, ya jingina kunnensa da cikin tulu ya yi barci ina kiɗa. Ya girma ya zama mai ganga a coci, kowa yana sa albarka. Aka tura shi jami'a karatun magani, na masu haɗa ƙwayoyi, ya yi nisa, sai wata rana ya dawo ya ce ya bari, kiɗa zai yi. Ubansa Istifanus dattijon coci ne, mutum mai son a ga layinsa a miƙe. Ba a yi ihu a gidan ba, da ma an yi. Istifanus dai ya daina sa masa faranti a tebur. Da na yi masa magana ya ce, Mama, ban kore shi ba, shi ya kori kansa. Yaro ya tattara gangunansa ya koma Birmingham, ya kama ɗaki a Handsworth saman shagon wani mai aski, da rana yana koya wa 'ya'yan mutane ganga, da yamma yana yin wannan abin nasu. Shekaru suka wuce a haka. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ga abin da yake yi, har ni.

A bazarar shekarar da nake ba ku labari ya zo mini wata Laraba, ranar sunana, da gemu kamar na bunsuru. Na ce da na san haka miji zai lalace da ban yarda da auren ba. Ya ce shi ma da ya san amarya za ta zubar da haƙora da ya nemi wata. Hausarsa a karye take, rabi da Turancin Manchester, amma ta isa tsiya. Ya cinye tuwo malmala biyu da miyar kuka, ya wanke kwano, abin da bai taɓa yi ba, daga nan na san da magana. Ya ce akwai bikin kiɗa da ake yi a Birmingham kwana da kwanaki, jazz ake ce wa irin kiɗan, amma ko a cikin masu jazz ɗin su ne ake ɗauka masu taurin kai, an ware musu yamma ɗaya. An ba shi wuri, karon farko da sunansa zai fito a gaba. Yana son aron tulu. Na ce masa tulu ba nawa ba ne, kuma ko nawa ne namiji ba ya taɓa bakinsa. Ya ce ya sani. Ya ce shi ya sa bai ce zai kaɗa ba.

Na yi dariya har na ƙware. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, yana kallon ƙarƙashin tebur:

"Kaka, kowa a cikinmu ana ba shi kujera ɗaya ya ajiye wa nasa. Ni kullum in ce su ba wani. Wannan karon na ce kada su ba kowa."

Na ce ya tafi kada bas ta bar shi. Kwanakin da suka biyo na yi ta juya abin. Na ɗauki waya zan kira Mama Saratu na ajiye. Ba mantuwa na yi ba, kuma ba tsoro ba ne. Na san abin da za ta ce, na san kuma in ta faɗa na tafi duk da haka, na take mata magana a fuska, wanda ya fi muni. Sai na zaɓi in ɗauki abin a kaina ni kaɗai. Asabar ɗin da ma babu koyon waƙa, rabin mata sun tafi biki Leeds. Ya zo da motar wani abokinsa mai ɗaukar kaya, na zauna gaba da tulu a cinya, ya ɗaure mu da bel tare. Zanen zumunta ban sa ba. Na sa atamfata ta zuwa suna.

Wurin tsohuwar coci ce ta Turawa, ta jan bulo, kusa da wani ruwa da suka haƙa da hannu. Masu sujada sun ƙare, aka sayar, aka cire bencina aka jera kujeru. Tagogin masu launi suna nan, har da Makiyayi da ɗan rago a kafaɗa. Daga hannun hagu in ka shiga, inda a wajenmu ake ajiye littattafan waƙa, sun kafa kanta suna sayar da giya. Tun daga bakin ƙofa na gani. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa aka yi ƙarya daga baya. Na gani da idona, na ji warinta da hancina, na tsaya. Maigida ya ga na tsaya. Ya ce in ban iya ba ya mayar da ni yanzu, ba zai ji haushi ba, kuma na ga da gaske yake. Na kalli Makiyayin nan na taga, na kalli kanta. Na ce masa mun riga mun ƙona man mutane, nuna mini inda zan ajiye kayana.

Su ne na uku, saboda haka na zauna a kujerar da aka ajiye mini na kalli na gaba da su. Mutane sun cika, yawanci Turawa masu furfura da 'yan samari masu baƙaƙen kaya, da baƙaƙen fata tsilli-tsilli. Wata doguwar mace ta fito da wani goge da ya fi ta tsawo, tana tsaye tana rungume da shi, sai wani mutum da ya buɗe bayan piyano ya zura hannu ciki kamar mai gyaran mota. Ta ja izga a kan tsirkiya, ya yi ƙara irin ta ƙofar da ke son mai. Shi kuma ya ja wani abu a ciki, ya yi tsam, ya sake ja. Na ce a raina bari su gama gyara. Na daɗe ina jira, har na taɓa wani dattijo da ke kusa da ni, idonsa a rufe, na tambaye shi da ɗan Turancina yaushe za a fara. Ya buɗe ido ɗaya ya ce sun kusa gamawa. Ba mai rawa, ba mai amshi, ba mai ko kaɗa ƙafa. Zaman makoki ma ana gaisawa. Amma da suka tsaya aka yi tafi kamar ruwan sama a kan kwano, matar nan tana share hawaye. Na ce to, ko ba komai ita ta san abin da ta faɗa.

Na biyu wani tsoho ne ɗan Jamaika, baƙi siriri da hular ulu, shi kaɗai da ƙahonsa na ƙarfe mai lanƙwasa. Wannan na ɗan gane kansa. Ya kumbura kumatu yana busa ba ya tsayawa shan iska, yana ja ta hanci yana turawa ta baki, daidai yadda masu algaita suke yi a gida. Abin da yake busawa dai babu kai babu gindi. Wani lokaci kamar jaki, wani lokaci kamar tsuntsayen da ke cin dawa, wani lokaci iska kawai ke fita babu murya. Sai dai na lura gumi yana zuba masa har gemu, kuma ni ban taɓa ganin mai wasa da mutane yana irin wannan gumin ba.

Da aka ba da hutu mutane suka tashi zuwa kanta, Maigida ya kai ni bayan dandamali, ɗakin da fasto ke sa riga a da. Ashe tsohon nan da doguwar matar su ne abokan kiɗansa. Tsohon ya cire hula ya gaishe ni, ya kalli tulu ya sa hannu a baya kamar yaron da aka hana taɓa nama. Na tambayi Maigida wace waƙa za mu yi, in san bugun da zan riƙe musu. Ya ce babu waƙa. Na ce to wa zai ba da baki wa zai amsa. Ya ce babu. Na ce to me kuka koya. Ya ce ba su koyi komai ba, ba a koya, kowa ya hau da kunnensa.

"Kada ki riƙe mana kiɗa, Kaka. Ki dai saurara. In kin ji kina da magana ki faɗa. In ba ki da ita ki yi shiru, shi ma aiki ne."

"Kai ka ɗauko ni tun daga Manchester in zo in yi shiru?"

"Ai shi ya sa na ce aiki ne."

Aka sa mini kujera a gefe, suka kafa wa bakin tulu lasifika ƙarama. Fitila tana haska ni, ba na ganin kowa. Suka fara. Wallahi da farko kasuwar Zonkwa ce ranar da akuya ta ɓalle. Kowa yana nasa. Maigida yana shafa ganguna da wasu tsintsiyoyi na waya, ya buga nan ya bar can, da ka ce ga inda za shi sai ya sauya. Hannuna yana ƙaiƙayi. Shekara da shekaru aikina ke nan, in mata sun watse in tattaro su da dum ɗaya, kuma ga mutane uku a gabana sun watse iya watsewa. Na danne faifan a cinya da hannu biyu. Tun da ba abin yi sai na saurara. Can na fara jin wani abu. In tsohon ya ja dogon kuka, matar sai ta sauka ƙasa ta ba shi wuri. In ta yi gurnani, Maigida ya ɗauke hannu. Ba wanda yake taka wani. Kamar lugude ne, mata uku a turmi ɗaya, taɓarya tana shiga inda wata ta fita, sai dai su ba su yarda su shiga a jere ba, kowa sai ya ji rami sannan ya faɗa. Kuma yaron nan da aka ce ya lalace, shi ne ya fi kowa kunne. Ina kallonsa daga gefe. Bakinsa a ɗan buɗe, kansa a karkace, yadda yake yi yana jariri in ya ji an taɓa ƙofa.

Sai tsohon ya busa wani abu da na sani. Ba waƙa ba ce. Kun san in an yi mutuwa, mace ta taho daga wani ƙauye, tun daga bakin gari take fara kuka, muryar tana hawa tana karyewa, waɗanda ke cikin gida su ji su san wata ta iso. Shi ya busa. Ban san wa ya mutu masa ba. Ya kai ƙarshe ya tsaya, matar ta tsaya, Maigida ya tsaya. A wajenmu ba a barin mai irin wannan kukan a waje ita kaɗai. Na ɗaga faifai na buga sau ɗaya.

Ban taɓa jin muryar tulun nan kamar ranar ba. Ginin an yi shi don murya, ya ɗauke ta ya kai har rufi ya dawo da ita ta ƙarƙashin kujeru. Ban ƙara ba. Na jira ta mutu. Maigida ya amsa da babbar gangarsa ta ƙafa, a hankali, kamar mai cewa na'am daga cikin ɗaki. Na ba shi biyu. Ya ba ni ɗaya da rabi, ɗan banza, ya bar rabin a rataye. Na ƙi ɗauka. Ya sake miƙo shi. Na bar shi ya jira har na ga ya fara murmushi, sannan na rufe masa. Haka muka yi ta yi, ni da shi, sauran biyun suna zagaye mu a hankali. Abin da ban faɗa masa ba tun da ya bar gidan ubansa, da wanda shi bai faɗa mini ba, ban ce mun faɗa duka ba. Amma an rage. Yadda aka ƙare ban sani ba, na dai ji kowa ya ajiye hannu lokaci ɗaya, ni ma na ajiye.

Bayan an tashi wasu suka zo za su shafa tulu, na buge hannun biyu daga ciki. Da muka fito rana ba ta gama faɗuwa ba, irin ta bazarar ƙasar nan da ba ta san lokacin komawa gida ba. A mota ya tambaye ni yaya na ji. Na ce hayaniya ce, kuma ba zan saya ba ko kyauta ake bayarwa, amma kuna jin juna, wanda ya fi ƙarfin wasu gidaje. Har yau ra'ayina ke nan. Kada wani ya ce Kaka ta koma son jazz.

Ba a yi mako ba hoton bidiyo ya shiga wayoyin matan zumunta. Masu bikin ne suka sa, wata 'yar cocinmu da ke Birmingham ta gani ta tura. Ga ni, ga tulu, ga mutane a baya da kofunan giya. Wayata da ke ƙara tun safe ta yi tsit. Istifanus ya zo da yamma daga wurin aiki, bai ko cire jaka daga kafaɗa ba. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa, gyara yake yi. Ya ce ya riga ya ga Mama Saratu da fasto, ya kuma daidaita komai. Ya gaya musu uwarsa tsohuwa ce, ba ta karanta Turanci, yaro ya ce mata taron coci ne, ta ga gini da gicciye ta yarda, fitila ta hana ta ganin abin da ake sha. Kowa ya karɓa, domin kowa yana so ya karɓa. Abin da ya rage, ranar Asabar in durƙusa a tsakiyar mata yadda ake yi, uwar zumunta ta faɗi yadda aka yi, ta tambaye ni ko haka ne, in ce haka ne, a yi addu'a a kan tulu, a ja waƙa, shi ke nan. Na ce shi yaron fa? Ya ce yaron da ma sunansa ya riga ya ɓaci, wannan ba zai ƙara masa nauyi ba. Na kalli ɗana da na haifa. Na ce ya je, na ji.

Asabar na sa zanen zumunta na ɗauki tulu muka shiga bas biyu. Mata sun cika, har waɗanda ba su cika zuwa ba. Aka yi addu'ar buɗewa. Na durƙusa da gwiwar da suka yi jinya. Mama Saratu ta tsaya ta faɗi labarin Istifanus tiryan-tiryan, da murya mai taushi, tana ta cewa tsufa da rashin sani, tana cewa yaran zamani. Ba ta kalle ni ba sai a ƙarshe.

"Mama Laraba, haka ne?"

"Ba haka ba ne."

Ta ce wataƙila ban ji tambayar ba, ta maimaita a hankali, tana buɗe mini ido. Na ce na ji. Na ce yaron ya gaya mini kome tun a ɗakina. Giya na gan ta tun daga ƙofa, ya ce mu koma na ce a'a. Tulu na zumunta ne, na fita da shi ban tambaya ba, duk hukuncin da ke kan wannan na ɗauka, ba zan yi gardama ba. Amma jikana bai yi mini ƙarya ba, kuma ba zan durƙusa a gaban Allah in ce ya yi ba.

Wata a baya ta ja tsaki, wata ta fara kuka, ban juya na ga ko su wa ba. Mama Saratu ta dube ni. Sannan ta ce, to, ai ke kin yanke, ba mu ba. Aka sa ni a horo wata uku, ba ni ba tashi waƙa. Tulu kuma zai koma hannun Briskila, wata mai aikin kula da tsofaffi da ke zaune a Cheetham Hill. Ban ga laifin Saratu ba, ko a lokacin. Da ni ce uwar zumunta abin da zan yi ke nan. Na tashi na naɗe shi da zanen da nake naɗe shi, na gaya wa Briskila kada ta ajiye shi kusa da hita, kada ta ɗauke shi ta baki, kuma faifan yana son sabon soso duk shekara. Na koma gida a bas da hannuwana a cinya, ban san inda zan sa su ba. Direba ya tambaye ni ina jaririn.

Maigida da ya ji ya zo a guje, zai je ya same su, zai sa a gino mini wani daga gida. Na ce in ya taka ƙofar cocin nan da wannan maganar na sake shi saki uku. Tulu a ɗaki ni kaɗai, in kaɗa wa wa? Istifanus ya yi wata biyu bai zo ba, sannan ya dawo da buhun shinkafa, ba mu sake tayar da zancen ba. Shi da ɗansa har yanzu gaisuwa ce kawai, ban gyara wannan ba, ban kuma ce na gyara ba.

Da horo ya ƙare na koma. Ba su kore ni ba, ba su daina zuwa duba ni ba, sai dai wuri ya sauya. Aka ba ni caki, goran nan mai tsakuwa da ake ba sababbin shiga, na zauna a layin baya. Duk ƙarshen shekara in za a raba ayyuka, Saratu takan tare ni a bakin matakala ta ce, Laraba, kalma biyu ce fa, ki ce haka ne a mayar miki da tulu, har yanzu ƙofa a buɗe take. In ce mata na gode, yaya ƙafa. Haka muka yi ta yi har ta koma Kagoro wurin 'yarta, can ta rasu bara. Yanzu ko an ba ni tulun ba zan iya ba, yatsun sun ƙage, biron nan ma da dabara nake riƙe shi.

Briskila yarinyar kirki ce, tana kula da shi, bai tsage ba. Sai dai tana sauri. In aka kai amshi na biyu sai ta fara gudu kamar wadda ta bar tukunya a wuta, mata suna haki a bayanta. Na gaya mata a hankali, na gaya mata da ƙarfi, ta ce to Mama. Lahadin da ta wuce ma sai da na bar girgiza caki na zuba mata ido daga layin baya, har ta ji a jikinta ta waiwayo, ta rage.